Dami Huɗu a Rumbun Baba

Wata Laraba ce a ƙarshen watan Yuli na shekarar 1955, da sassafe, ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗiga daga bakin ɗakuna ba, Baba ya jingina tsani a jikin babban rumbu ya kira ni. Shekarata goma, ni ne ɗan fari, kuma ni ke shiga rumbu a gidanmu, don bakinsa ba ya ɗaukar kafaɗar babba. Ƙaramin rumbu ya ƙare tun jiya. Wannan shi ne na damina, wanda Baba ya zuba wa dawa shi kaɗai lokacin girbi, ya liƙe, ba a sake taɓa shi ba. Ya ɗaga jinkar, ya kama hannuwana ya zura ni. A shekarun baya kafin ya miƙe hannu ƙafata ta taka dawa. Ran nan ya miƙe har ƙarshe ina reto, ban taka komai ba. Sai da ya fito da ni, ya sauka ya kwanto igiyar jaki ya ɗaura mini a ƙugu, ya sake zura ni. Da na dira ƙasa na lalluba cikin duhu, na zaga bango sau biyu. Dami huɗu ne, ba na biyar. Na ɗaura wa ɗaya igiya ya ja, sannan ya jawo ni. A kan tsani, kafin mu sauka, ya kaɗe mini ƙaiƙayi daga kai, ya ce a hankali, "Audu, abin da ka gani a ciki, ka bar shi a ciki."

A ƙauyenmu, da ke tsakanin Kiru da Ƙafin Maiyaki, mace ba ta leƙa rumbun mijinta, ba ta kuma tambayar abin da ya rage. Maigida ke fitar da dami, ita ta sussuka, ta surfa, ta niƙa, ta dafa. Yaron da ake zurawa ciki ido ne kawai da hannu, ba shi da baki. Ba don rowa aka yi wannan tsari ba. Rumbu shi ne mutuncin manomi, kuma a gari irin namu labari ba ya buƙatar mai kai shi. Ranar da aka rage awo a wani gida, maƙwabta daga ƙarar turmi za su gane, domin dakan da aka saba ji har hantsi sai ya tsaya tun rana ba ta ɗaga ba. Baba kuwa mutum ne da ake misali da shi, ba a taɓa ganin ƙwaryar gidansa a wurin masu awo ba. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba, haraji ya ci wani abu, bana kuma sau biyu aka yi shuka. Daga baya na gane yana jiran ya sayar da jakinsa ne, amma a wannan damina kowa jaki yake sayarwa.

Ina aji biyu a elemantare lokacin, kuma lissafi ne abin da na fi iyawa, ran nan kuwa na so a ce ban iya ba. Mu shida ne a gida. Dami ɗaya kwana biyar yake yi mana: kunu da safe, fura a kai gona da rana, tuwo da magariba. Da aka fita hutun ƙarfe tara, yara suka ja layin langa a gindin tsamiya, ni na koma bayan aji na jera tsakuwa huɗu, na sa wa kowace tsinke biyar. Ashirin. Geron gonarmu kuwa ko ciki bai gama yi ba, na ji manya na cewa sai nan da kwana arba'in. Na rushe na sake jerawa, ashirin ɗin dai. Na san abin da ke faruwa da wanda hatsinsa ya ƙare a tsakiyar damina, na ga ya faru da maƙwabcinmu. Zai bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani don mudun dawa, ciyawa ta cinye tasa, baɗi yunwar ta dawo masa tun kafin ruwa ya sauka. Abokina Tanko ya leƙo ya ce ko an aiko ni dara da aljanu ne, ban ko ɗaga kai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin Inna tana aikinta kamar kullum. Ta cika akushin Baba, ta cika namu, ta zuba wa kaji tsaki, ta ba wata baƙuwa 'yar dawa a gefen zane. Kowace ƙwaya da ta faɗi ƙasa sai in ji kamar in bi ta in tsince. Ga shi ba ni da hanyar magana da ita ko da ba a hana ni ba. Ni ɗan fari ne, tana jin kunyata kamar yadda ake yi, ba ta kama sunana, ba ta zama hira da ni. "Kai yaro," haka take kirana, ta faɗi aike tana kallon wani wuri. Haka na yi ta cin tuwo ina ƙirga kwanaki. A rana ta biyar aka sake zura ni, na fito da dami na biyu, saura biyu a ciki.

Sai ga saƙo daga Dangora cewa Kaka, mahaifiyar Baba, tana tafe. Inna ba ta wasa da zuwan surukarta. Ran kasuwar Ƙafin Maiyaki ta kwance bakin zanenta ta fito da kuɗin zaren da ta yi wata guda tana kaɗi, sule ɗaya da sisi. Ta lissafa mini cefane tana kallon murhu: nama na sisi, man shanu na taro, goro na taro don Kaka, daddawa, gishiri, barkono, abin da ya rage in sayo albasa. Ta sa na maimaita sau biyu. Ta ba ni ƙwarya da faifai, na bi ayarin mutanen unguwarmu.

Na tsaya a gaban mahauci na daɗe, kuɗin na jiƙe da gumi a hannuna. Naman sisi tsoka uku ne da ƙashi, cin dare ɗaya. Ƙafata ce ta kai ni layin masu awo, ban ce na yanke shawara ba. Dawa ta yi tsada, mudu kwabo takwas. Na miƙa ƙwarya na ce a zuba biyu. Mai awon, wani dattijo mai jan gemu, ya cika mudu ya tsaya, ya ƙura mini ido.

"Kai ba ɗan gidan Malam Idi ba ne? Ikon Allah. Ku ma awo?"

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Ina ta lissafin kwanaki, na manta cewa ɗan manomi a layin awo shela ce. Na ce aiken wata tsohuwa ce a unguwarmu. Ya ce, "To, Allah ya ba tsohuwa lafiya," ya ƙara mini ɗan hannu a kai, kuma wannan ƙarin ya fi tambayar ciwo. Kwabo biyun da suka rage na sayi gishiri da daddawa. A hanya na yagi ganyen kalgo na rufe dawar kafin in ɗora faifai, na bar ayari ya yi gaba, na bi ta cikin gonaki.

Na iso bayan la'asar na tarar Kaka ta riga ni. Tana kan tabarma a tsakar gida, Baba na tsugune gefenta yana mata barka da hanya. Tana ganina ta washe baki. "Ga angon nawa! Miji marowaci, me ka riƙo wa amaryarka? Miƙo goron nan, tun Dangora bakina ke tsami." Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙwaryar a ƙofar ɗakin girki. Inna ta ɗaga faifai, ta janye ganyen. Hannunta ya tsaya a wurin. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi Baba ba, rumbu ta duba, sau ɗaya, ta mayar da idonta ƙasa. Kaka ta ce a kawo mata. Ta ɗebi dawar ta murza, ta kai hanci, ta ce wannan ba ta gonar gidan nan ba ce.

Baba ya miƙe. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ba fushi kaɗai ba ne. Ya ce, "Wa ya aike ka awo?" Bai jira amsa ba. Ya ce, "Me ka faɗa wa uwarka?" Na ce, "Wallahi Baba ban faɗa ba." Inna ta durƙusa daga inda take, kanta a sunkuye saboda surukarta, ta ce, "Malam, bai ce mini komai ba. Ni ma ban tambaye shi ba." Ƙannena sun lafe a bayan turmi. Igiyar jakin nan tana rataye a jikin danga, kusa da hannun Baba, ni kuma ita nake kallo.

Kaka ce ta karkaɗe hannunta a kan ƙwaryar, a hankali, don kada ƙwaya ta faɗi waje. Ta ce, "Idi, zauna, tsayuwarka na sa ni jiri." Ya zauna. Ta ce ita dai da ma ba haƙoran nama gare ta ba, kuma tuwo kullum ya daina zama mata a ciki. Dambun rama take marmari, da kwaɗon tafasa, da faten yaɗiya irin na da. Muddin tana gidan nan abin da take so za a dafa, kowa kuma shi zai ci. "Duk wanda ya tambaya, ku ce tsohuwa ce ta zo da fitinarta." Ta juyo gare ni. "Kai kuma na sake ka, mijin da ba goro." Ba wanda ya yi dariya sai ita, amma Baba ya sauke numfashi. Ɗa ba ya musu da uwarsa, kuma ba wanda ya ambaci rumbu.

Tun daga washegari Inna ta sake tsarin gidan gaba ɗaya. Mudun da ke yin tuwon dare ɗaya ta mayar da shi tsaki, ta cuɗa da rama da zogale ya zama dambun kwana biyu. Ruwan surfe da ake ba awaki ya koma kunu. Ƙanzon da ta daɗe tana kankarowa daga gindin tukunya tana shanyawa, ta fito da shi daga wata tsohuwar randa, ta jiƙa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Fura ta zama ta Baba shi kaɗai, don shi ke riƙe da fartanya. Tuwo sai Juma'a. Mu yara in mun taso makaranta sai mu bi gefen gonaki da bakin rafi muna tsinko tafasa, har na san wadda ta yi tsufa daga ganin launinta. Kaji suka daina ganin tsaki. Abu ɗaya ne Inna ba ta rage ba, shi ne daka. In ta gama ɗan abin da ke akwai, sai ta zuba dusa ko busasshiyar kuka a turmi ta ci gaba da lugude har hantsi, yadda maƙwabta suka saba ji.

Kwana tara Baba bai yi mini magana ba, sai dai ya nuna abu da hannu. Ba ni da labarin ko mai awon nan ya yi surutu, kullum ina jiran wani ya tare Baba da zancen a masallaci. A rana ta goma ya jingina tsani ya kira sunana. Ya zura ni da igiya, na ɗauro dami, ya jawo ni. A kan tsani ya ce, "Saura nawa?" Ya fi ni sani, amma na amsa na ce ɗaya. Ya daɗe yana kallon gonakin da ke bayan danga, inda gero ya fara fitar da kai. Sannan ya ce, "Je ka faɗa wa uwarka."

Na same ta tana tankaɗe. Na tsaya daga ƙofa na ce Baba ya ce saura ɗaya. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na ji," ta kwashe rabin garin da ke faifai ta mayar cikin ƙwarya. Dami na ƙarshe ya kai mu kwana goma sha ɗaya. Bayansa aka zura ni da tsintsiya na share ƙasan rumbun, na samo abin da bai cika mudu biyu ba, haɗe da ƙasa da kashin ɓera, Inna ta wanke shi sau uku. Muna kan wannan Baba ya shigo wata yamma da zangarniyar gero shida a hannu. Bai yi wa kowa ƙwadago ba ko na yini ɗaya, gonarsa kuma fes. Inna ta gasa tumu a bakin murhu, ta murje na farko a tafin hannunta, ta hure, ta ajiye a faifai ta turo shi gabana tana kallon wani wuri.

Yau babu rumbu a gidan, an rushe shi an yi ɗaki a wurin. Hatsi a buhu yake zuwa, ko a leda in wata ya yi nisa, kuma ba wanda ke ɓoye ƙwarya a layin awo, don kowa a layin yake. Injin niƙa ya kashe ƙarar turmi, maƙwabci ba ya jin abin da ka ci, ba ya kuma jin abin da ba ka ci ba. A gidana ni da maiɗakina muke zama mu tsara cefanen wata, ba na ɓoye mata komai, kuma na san wannan ya fi. Duk da haka, in na tuna mutum uku, Baba da Inna da Kaka, da suka ciyar da gida kwana arba'in da abincin kwana ashirin ba tare da ɗayansu ya kunyata ɗaya ba, sai in rasa wanda zan kwatanta su da shi. Har yanzu in ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa, sai na sunkuya.