Farar rigar mai lambun Hamdara

Mun tashi da asuba daga Damagaram, mu shida a bayan wata tsohuwar mota, kowa na rungume da kyamararsa kamar jariri. Ni dai malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗaukar hoto kuwa ciwo ne da ya kama ni, ya ƙi magani. An sa gasar hotuna a kan farin bana, wanda ya ci zai samu sabuwar kyamara. Tawa da roba nake ɗaure murfinta, kun ga ina da dalilin zumuɗi. Jagoranmu wani mushe ne, kamar yadda muke kiran ma'aikaci ɗan boko, daga ofishin da ya shirya gasar.

A tashar Mirya muka sha fura, tsararo ce, har kana hango gindin ƙwarya. Mai furar ta ce kada mu ga laifinta, mu je mu tambayi kuɗin tiyar hatsi. Daga nan sai rairayi da kututturan gero da mushen awaki. Na dinga latsawa ba lissafi, sai da muka isa Hamdara na duba, ashe hoto ɗaya tak ya rage mini a filim.

Lambun da aka kai mu yana cikin wani kwari. Duk maƙwabtansa sun bushe, shi kaɗai ke da kore: fangalin albasa guda bakwai, da yalo kaɗan. Mai shi dattijo ne, da guga yake ban-ruwa daga rijiyar da sai ka ƙulla igiya biyu. Mun same shi ba riga, haƙarƙarinsa a waje. Yana ganin kyamarori ya ce mu dakata, ya nufi bukkarsa. Wallahi bai kai ƙofa ba abokan tafiyata suka hau ɗaukarsa ta baya, ba sallama ba izini. Na ji kunya ta rufe ni.

Ya fito cikin farar babbar riga mai ƙamshin adaka, ya kafa hula, ya tsaya ƙyam a gefen albasarsa. Haka mutanenmu suke, ba a tsayawa gaban kyamara da kayan aiki. Sai mushen nan ya yatsine fuska ya ce, "Baba, cire rigar nan. In ka sa ta, alƙalan gasa ba za su ga yunwa ba."

Ku ji fa. Mutumin da a shekaru ya haife shi. Raina ya ɓaci.

Dattijon ya juyo. Ni ya duba ya ce, "Ɗana, babban yarona na Kano yana dako, da hatsin da yake aikowa gidan nan ke ci. An faɗa masa na rame. In ya gan ni a tuɓe zai baro aikin ya taho, to mu ci me? Ka ɗauke ni yadda hankalinsa zai kwanta."

Na san hoton da zai ci gasa, ga shi nan ƙarƙashin rigar. Na ce, "Baba, sa hannuwanka cikin riga," don su ne za su tona shi. Na matsar da shi inda albasa ta fi duhu, na latsa. Mushe ya ce na yi asarar filim. Na ce masa ai ba shi ya saya mini ba. Har muka dawo gida bayan la'asar bai ƙara yi mini magana ba, ni ma ban nema ba.

Na wanke hoton shekaranjiya. Tsoho ya fito tsaf, ka rantse mai unguwa ne. Na ba wani Bakano mai sayar da atamfa a kasuwarmu, ya kai wa ɗan, tare da kwatancen da dattijon ya yi mini, ran Juma'a zai koma. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin in latsa, in tambayi mutum wa yake so ya gan shi. Hotunan bayan tsohon suna can an liƙa su a zauren gasa, ban je kallo ba. Kyamarata na nan da robarta.