Muryar Malam Lawal a Fadama

Lawal taubashina ne, ɗan gwaggona Inno, saboda haka bawana ne ko da zai zama gwamna, kuma ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa. Ni daga aji huɗu na tsere. Shi kuwa ya zarce har ya zama malami, ya dawo ƙauyenmu da ke tsakanin Funtua da Danja yana koyar da 'yan aji shida.

Allah ya ba shi murya. In ya ce "Ku tashi tsaye!" a aji, har masu gyangyaɗi a tashar Funtua sai sun miƙe. Amma idonsa ya fi muryar aiki. Kallo ɗaya zai yi wa yaro ya san ko ya karya kumallo, ya san ko lissafi ya shiga ko a bakin ƙofa ya tsaya.

Makarantar a bakin daji take. Da 'yan bindiga suka fara kewaya yankin, aka sa mata kwaɗo, aka ce sai an ga abin da hali ya yi. Ga jarrabawar shiga sakandare tana tafe, ga Raudatu 'yar Alhaji Sanda mai noman shinkafa, yarinyar da Lawal yake cewa in ba ta wuce ba, to shi bai koyar da kowa komai ba a duniya.

Femi mai gyaran waya a Funtua, wanda Hausarsa ta fi tawa gishiri, shi ya kawo shawara.

"Malam, ai duniya ta wuce allo da alli. Buɗe guruf a Watsaf, ka riƙa tura darasi da murya. Wanda ba shi da babbar waya, mai caji ya tura masa a memori."

Shi ke nan bawana ya samu sana'a. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya kafa hula, ya tsaya a zaure yana yi wa waya tsawa.

Na ce, "Kai bawa, wa zai ga gugar nan? Kajin Inno?"

Ya ce, "Wanda ya gudu daga aji huɗu ba ya sa baki a maganar ilmi."

Darasi yana tafiya, amsa ba ta dawowa. Wayoyin ai na iyaye ne. Abin da kawai ke shigowa guruf ɗin shi ne "Allah ya saka," sai wani da ya turo cigiyar tunkiya. Lawal ya fara ramewa har hular ta yi masa yawa.

Ran nan bayan sallar Juma'a Alhaji Sanda ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Malam, karatun nan naka albarka! Tun safe har yamma shi muke sawa."

Lawal ya dube ni kamar wanda aka naɗa sarauta. Washegari ya sa na goya shi a babur zuwa gidan Alhajin. Raudatu ta fito ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambaye ta inda ta tsaya a darasi. Ta sunkuyar da kai.

"Malam, ban ji ko ɗaya ba. Baba ke tafiya da rediyon zuwa fadama."

Muka nufi fadama. Tun daga nesa muka jiyo Lawal yana raba goma gida biyu, alhali ga shi a bayana, bakinsa a rufe. Da muka isa, ga rediyo mai memori an ɗaure a kan sanda tsakiyar shinkafar rani, an ƙure sauti. Babu yaro ko ɗaya. Tsuntsayen jan-baki ne kawai, suna tashi kamar hayaƙi duk lokacin da ya ɗaga murya.

Alhaji Sanda ya taso da fara'a. "Ka gani ko? Da yara ke korar tsuntsu, yanzu wa zai turo ɗansa nan a ɗauke? Mun gwada gwangwani, mun gwada waƙa, duk a banza. Kai kaɗai suke tsoro."

Sai rediyon ya ce, "Kun gane?" Ya yi shiru. Ashe ko a gaban waya Lawal ba ya wucewa sai ya saurara, yadda ya saba jiran amsar yara. A cikin shirun nan tsuntsayen suka sauko suka rufe gonar.

"Yauwa, ga matsalar," in ji Alhaji. "Wannan tsayawar da kake yi, a nan suke samun sarari. Don Allah a cire ta."

Lawal ya ce, "Alhaji, ka bar wa Raudatu rediyon, ko da yini ɗaya ne a mako."

Fara'ar ta gushe. "Malam, yini ɗaya ya ishe su cinye abincin gidana na shekara. Bari a yi yankan shinkafar tukuna."

"Jarrabawa za ta riga yanka."

"To, baɗi in Allah ya kai mu."

Na tanadi tsokana buhu guda, amma har muka iso gida ban kwance bakin buhun ba.

An yi jarrabawa. Raudatu ta je, ta zauna, ta dawo tana kuka, sunanta bai fito ba. Shinkafa kuwa ta yi kyau, har labari ya kai Kafur, manoma suna zuwa wurin mai caji suna cewa a tura musu "na Malam". Makaranta tana nan da kwaɗonta.

Har yanzu Lawal yana tura darasi, sai dai da singileti yake yi, a zaune. Jiya na saurari na ƙarshe. Tun daga sallama har ya gama, bai tsaya ya tambayi kowa ko ya gane ba.