Gahawar da Misku ta Dafa wa Ƙanin Mijinta

A ƙauyensu Misku, can gefen Jimma, kowace mace ta iya gahawa, amma babu wadda ake shakkar zama gaban butarta kamar Misku, domin da baƙar magana take haɗa tata. Gajeriya ce mai wushirya, ba ta barin zance ya kwana a cikinta. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gonar gahawa a ƙarƙashin manyan itatuwa, ga amya rataye a rassa, ga birai da ke ganin su ma magada ne. Takin kanti bai taɓa shiga gonar ba. Cewa take ganyen da ya zubo da kashin shanunta sun ishi ƙasa, kuma duk wanda ya yi feshi kusa da ita, da ƙudan zumanta yake faɗa.

Ƙanin mijinta, Abba Temam, shi ya je birni ya dawo da tumbi da dabara. Ya sare itatuwan gonarsa don gahawa ta sha rana ta yi 'ya'ya da yawa, ya zuba taki, sannan ya kafa injin ɓare gahawa a bakin rafi, sama da gari. Da kaka ta yi, jan ɓawo da ruwan wanki mai yauƙi duk rafi ake turawa. Ruwa ya yi baƙi, ya ɗauki tsami da ɗoyi. Kwaɗi suka yi shiru, shanu su sunsuna su juya, mata suka koma hawan tudu neman ruwa a marmaro.

Dattawa suka tare shi bayan sallar Juma'a. Ya yi dariya ya ce, "Ruwa mai gudu yana ƙazanta ne? Ni nan, a ba ni in sha!"

Kafin la'asar magana ta kai kunnen Misku. Ta ce, "Allah sarki, yaron nan ƙishirwa yake ji, mu ba mu sani ba."

Ranar Alhamis ta aika masa ya zo shan gahawa. Ta watsa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta sa turaren wuta fiye da kima, ta soya gugguru, ta kira maƙwabta mata. Butoci biyu ta ɗora a wuta, babba ta jama'a, ƙarama ta babban baƙo.

Abba Temam ya shigo da sabuwar hula. "Yaya, yau da wa na yi mafarki?"

"Zauna, ƙanena. Mai inji guda, ai ba ka sha buta ɗaya da talakawa ba."

Ta tsiyaya masa. Ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa. Abu kamar an jiƙa tsohuwar fata a tsamiya.

"Gishiri ya ji?" in ji ta, domin a can da gishiri ake shan gahawa.

"Ya… ya ji. Ke ba za ki sha ba?"

"Azumi nake, yau Alhamis."

Ya runtse ido ya haɗiye. Ta cika na biyu. Matan nan kowacce ta sunkuyar da kai, kafaɗu sai rawa suke. A tsakiyar na biyun ya ajiye kofi.

"Don Allah, Yaya, 'ya'yan gahawar nan ruɓaɓɓu ne?"

"A'a, kada ka zagi gonar yayanka! Gahawa lafiyarta ƙalau. Ruwan ne naka. Da kaina na ɗebo ƙasa da injinka, na ji an ce kana marmari. Na tafasa shi sosai, ba kisa na yi niyya ba."

Dariya ta ƙwace wa matan, wata har ta ɓarar da gugguru. Ya yunƙura zai tashi, Misku ta ɗaga buta.

"Ina zuwa? Saura na uku, na albarka. Ɗan gidan mutunci yana tashi bai sha na albarka ba? Me zan gaya wa dattawa gobe?"

Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya tuna cewa da bakinsa ya ce a ba shi ya sha. Ya shanye.

Wata biyu ba ya amsa gaisuwarta. Amma tunda yara suka soma tambayarsa ko gishiri ya ji, sai ya sa aka haƙa ramuka nesa da rafi ana tara ruwan wankin, ɓawon kuma aka riƙa jibge shi gefe. Misku ta kora jakinta ta yi ta kwasa, ta gauraya da kashin shanu, ya ruɓe ta zuba wa gonarta. Da farko ana yi mata dariya, ana cewa tsohuwa ta koma 'yar bola. Da aka ga ganyen gahawarta ya yi shar, jakunan gari duka suka kama hanyar inji.

Rafin bai koma yadda yake da ba, don in an yi ruwa mai ƙarfi ramukan kan yi ambaliya, amma shanu sun dawo sha. Gonar Abba Temam kuwa, bayan shekarun da ta yi tana cika buhuna, rana ta soma gajiyar da ita, ganye ya yi ja. Wata safiya ya zo yana sosa ƙeya, wai ko za ta sam masa dashen itatuwan inuwa.

Ta ba shi cikin kwando, ta ce, "Ka dasa, ka ba su ruwa. In sun girma zan turo maka rabin biraina, dama kai ma kana da gado a cikinsu."