Injin Bamanga

Har yau a unguwar Kagarawal ta Gombe, idan ƙara ta kai inda mutum zai ji ta cikin haƙoransa, sai ka ji tsofaffi sun ce, "Kai, wannan ai injin Bamanga ne!" Ba surutun kasuwa suke nufi ba, ƙara suke nufi mai huda kunne.

Injin ma ba nasa ba ne, na Isaiah ne, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Shi Bamanga makiyayi ne. Farin 1973 ya cinye masa garke, ya bar masa karsana ɗaya tal mai suna Wule. Ya kai ta wurin ƙanensa a Kwadon, ya shigo gari ya kama aikin niƙa. Burinsa ɗaya ne: ya koma cikin shanu ya sake jin kukansu.

Mutum ne mai taƙama da kunnensa. A da, ko cikin shanu ɗari, da kuka yake gane marar lafiya. Haka ya riƙi injin. Isaiah ya kawo masa auduga ya ce, "Malam Bamanga, toshe kunnenka mana. Auduga ce ke wuya a Gombe?"

Bamanga ya ce, "In na toshe, da me zan ji ciwon injin?"

Taurin kai kam, Allah ya hore masa. Amma a shekara shida injin bai taɓa kwana a lalace ba. Da matarsa Asta ta fara kiransa sau uku kafin ya waiwayo, sai ya ce mutanen zamani ne suka koyi magana ƙasa-ƙasa.

Daga baya ya sayi karsana biyu, ya yi sallama da Isaiah, ya nufi Kwadon tare da Asta. Daga bakin garke ya kwaɗa wa Wule kira. Ta ɗaga kai, ta taho da gudu, ta miƙa wuya, ta buɗe baki.

Ya ga bakin a buɗe. Bai ji komai ba.

Baƙin ciki ya kama shi, ya daɗe a tsaye. Can ya ɗora tafin hannunsa a maƙogwaronta. Ta sake kuka, ya ji shi yana rawa a hannunsa.

Ya dubi Asta, ya ce da ƙarfi irin na kurame, "Lafiyarta lau."