Allon Kerensa da Shanyar Denzil

Ka taɓa cin abinci a wurin da mai girki ba ta sanin abin da za ta dafa sai ta hango wandon mijinta daga nesa?

Ni na ci, sau ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ina da masauki mai ɗaki shida a ƙauyenmu na gaɓar Cornwall, kuma duk baƙon da ya zo hutu, kafin ya ajiye jaka yake tambayata inda za a ci abinci. Don haka na zaga mashayu ashirin da uku, na bakin teku da na cikin ƙauyuka, na zauna na ci ina duba agogo. Ta ɗaya a takardata ita ce Jar Ƙaguwa, a ƙarshen matsayar jirage, taku ɗari huɗu da tamanin daga ƙofata.

Kerensa Hosken ce mai wurin. A saman benen mashayar aka haife ta, tana shekara tara ta fara ɓare ƙaguwa a gefen mahaifiyarta, yanzu tana sittin da biyu ba ta daina ba. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka taɓa yi. Abin alfaharinta ɗaya ne: allon da ke bakin ƙofa. Shekara talatin da ɗaya tana rubuta abincin rana da alli, ba a taɓa samun wanda ya zaɓi abu a allon aka dawo aka ce masa babu ba.

Mijinta Denzil ne yake kamo mata komai da ƙaramin jirginsa. Ƙarfe goma sha ɗaya yake ɓullowa ta bayan dutse, daga nan kuma sai ya yi minti hamsin kafin ya iso. In ta jira shi, baƙi sun wuce gaba. Waya kuwa, uku ya jefa a teku, ya rantse ba zai riƙe ta huɗu ba. Sai suka yi dabara. In ya samu ƙaguwa, ya rataye jar rigarsa a igiyar jirgi. In farin kifi ne, wandon roba mai ruwan ɗorawa. In ya yi sa'ar manyan jatan lande, safa. Ita kuma ta hau bene da madubin hangen nesa, ta duba, ta sauko ta rubuta.

Wata Asabar a watan Agusta, ƙungiyar masu yawon ƙafa a gaɓar teku ta shigo gari, kuma ni na tallata musu wurin. Kerensa ta sauko daga bene fuskarta a sake, abin da ba na gani sai sau biyu a shekara. Ta ce yau tsohon ya yi abin kirki, riga da wando da safa duk suna sama. Ta cika allo. Kafin sha biyu saura kwata mutum talatin da takwas sun je gaban kantar mashayar sun faɗi abin da suke so: ƙaguwa ashirin da ɗaya, farin kifi goma sha uku, jatan lande huɗu.

Na fita bakin ruwa don in kama wa Denzil igiyar jirgi. Jirgi ya iso, ga Denzil a tsaye ya ɗaura buhu a ƙugu, yana karkarwa. Ashe igiyar tarko ce ta naɗe farfela tun da sassafe, ya sunkuya zai warware, ya faɗa ruwa da ka. Da ya hauro sai ya tuɓe komai ya shanya. A cikin kwandonsa ƙananan kifi bakwai ne, na ƙirga sau biyu.

Kerensa ta zo ta leƙa kwandon, ta ɗaga kai ta dubi shanyar.

"Tsoho, a duk faɗin jirgin nan ba ka ga wurin shanya ba sai igiyata?"

"Uwargida, da na mutu fa."

"Da ka mutu, da ban rubuta komai ba."

Denzil ya ba da shawara a goge allon a ba mutane haƙuri, ai Allah ne ya kawo. Ba ta ko dube shi ba. Ta tsaya riƙe da tsumma a gaban allon har na ƙirga sakan arba'in, sannan ta cusa shi a aljihu ta shiga ta ɗauki waya.

Mutum ɗaya ce a yankin take da kifin da zai ciyar da wannan taro: ƙanwarta Loveday, mai mashayar kan tudu, mil biyu daga teku, wadda take saye a wurin wani jirgi dabam. Shekara tara ba sa magana, a kan baƙin kaskon suya na mahaifiyarsu da Kerensa ta riƙe bayan rasuwar tsohuwar. Ban ji abin da aka faɗa a wayar ba. Minti goma sha tara sai ga motar Loveday, da akwati biyu na ƙaguwa da farin kifi a ƙanƙara. Ta shigo ta ce, "Yaya, ashe kina da lambata." Kerensa ta ce mata ta je ta wanke hannu.

Suka shiga kicin, ɗaya na ɓare ƙaguwa ɗaya na suya, Denzil da buhunsa yana feraye dankali an hana shi magana. Amma Loveday ba ta da jatan lande ko ɗaya, ga mutum huɗu suna jira.

Kerensa ta goge hannu ta fito. Ta je teburin farko, ta tsaya a kan wani dattijo mai jakar baya, ta sauke tabarau ta tambaye shi ko ya tabbata ba ƙaguwa yake nufi ba. Ya ce lalle, yanzu da ya yi tunani, ƙaguwa yake nufi. Matarsa ba ta jira an tambaye ta ba. Ta uku ta ɗan yi gardama, ta ce ta ga an rubuta a allo. Kerensa ta ce ƙwarai an rubuta, kuma za ta samu, in har za ta iya kallon 'yan uwanta suna cin ƙaguwar da aka ɓare yanzu yanzu ita tana wasa da ɓawo. Ta sauya. Na huɗun ni ne.

"Perran, me ka ce kana so?"

"Ƙaguwa, Anti. Tun safe nake marmarinta."

Faranti na ƙarshe ya fito bayan minti saba'in da ɗaya. Mutum talatin da takwas suka ci, babu wanda aka ce wa babu, kuma tsumma bai taɓa allon ba. Da aka gama, Loveday ta naɗe kaskon a tawul, da zafinsa, ta sa a mota. Kerensa tana tsaye a ƙofa tana kallo. Da motar ta tashi ne kawai ta ɗaga murya ta ce kada a wanke shi da sabulu.

In hutu ya kawo ku wajenmu, ku yi abin da nake gaya wa baƙina. Ranar farko ku je Jar Ƙaguwa kafin sha biyu da rabi, ku zauna a ciki don tsuntsayen teku ba sa barin faranti a waje, ku ci ƙaguwa da burodi mai man shanu. Washegari ku hau tudu ku ci soyayyen kifin Loveday. Ku gwada duka biyun don Allah, amma duk wadda ta tambaye ku wanne ya fi, ku ce bakinku a cike yake.