Sunan Baba Pam da Ban Rubuta Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne Baba Pam, kuma sai yau na samu ƙarfin halin rubuta wannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwajenmu a jami'a a nan Jos, ni kuwa ƙaramin malami mai neman ƙarin girma. Ba shi da digiri. Bincikena a kan magnesiyam ne, ƙarfe marar nauyi da ake so don kayan mota, amma danshi da gishiri na cinye shi. Nakan rufe shi da wani ƙarfe mai suna nikel don kariya, in tsoma a ruwan gishiri. Kafin mako rufin ya kumbura, farin gari ya fito daga ƙasa. Shekara biyu ina wannan wahala.

Wata safiya da damina Baba Pam ya ɗaga wani guntun ƙarfen ya duba a hasken taga.

"Oga Dokta, rufin nan yana da ƙofofi ƙanana. Ruwa na shiga ya ci na ciki. Mu shimfiɗa kuza tukuna, sannan nikel ya hau."

Mahaifinsa haƙar kuza ya yi, shi ma ya san halinta. Dariya na yi masa, amma na bar shi ya gwada. Guntayensa suka yi wata guda a ruwan gishiri ba tabo.

Na rubuta takarda, mujalla ta buga da sunana kaɗai. Ko a layin godiya ban saka shi ba, don ina tsoron a ce ma'aikaci ne ya koya wa Dokta aiki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Aka ƙara mini girma, ya zo ofis ya taya ni murna da hannu biyu.

Yau magnesiyam na jikin kwamfutoci da kyamarori, ɗalibaina suna da na'urorin da ke nuna ƙofofin da ya gano da ido. Da yana nan, ina jin zai yi murmushi ne, ya tambaye su ko sun wanke ƙarfen sosai kafin su rufe.

A watan jiya na je Anguwan Rukuba wurin matarsa, Mama Lidiya, na faɗa mata komai kaina a sunkuye. Sai ta ce:

"Ɗana, ai ya sani. Ya kawo takardar gida, ya sa 'yarmu ta karanta masa har ƙarshe. Da ta gama ya ce, tunda ƙarfen ya tsira, shi ke nan."

Na rubuta wa mujallar ina roƙon a ƙara sunansa, ban san ko za su yarda ba. Hanyarsa dai ita muke koyarwa har gobe, kuma tun daga zangon nan, duk ɗalibin da ya shiga ajina zai ji wanda ya gano ta: Baba Pam ne, ba ni ba.