Farin Zare a Baƙin Wando

Shekara talatin da ɗaya Malam Inci ya yi yana ɗinki a shago ɗaya, wani ɗan ɗaki mai taga guda tsakanin mai gyaran agogo da mai shayi, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kama shi da karkataccen layi ba. Sunan Inci kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Ba ya iya zagaya tef a ƙugun mutum ya yi shiru. Sai ya duba lamba, ya dubi mai ƙugun, ya ce, "Ranka ya daɗe, an samu ƙarin inci biyu daga bara. Allah ya ƙara buɗi." In mutum ya fara musu, sai ya ɗaga tef ɗin sama kamar mai gabatar da shaida, ya ce tef ba ya ƙarya.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Duk wandon da ya ɗinka sai ya bar rarar yadi inci biyu a ɗinkin baya, a ninke daga ciki, domin a cewarsa ɗan Adam ba ya tsayawa inda aka auna shi. Nasa wandunan ma haka suke, guda uku, duk baƙaƙe, duk na yadi ɗaya. Shi da ke lissafa tumbin jama'a bai taɓa auna nasa a gaban kowa ba, alhali tumbin nan ya kai inda sai ya ɗan ja kujera baya kafin ƙafarsa ta samu fedar keken ɗinki.

Ciwon ya shigo masa a hankali. Ƙishirwa ta dame shi, ya ce zafi ne. Fitsari ya hana shi zama, ya ce ruwan da yake sha ne. Da zura zare a allura ya fara gagararsa, sai ya ɗora laifin a kan masu ƙera allura, wai yanzu sun daina yin kafa ta kirki, sai tsuke ta suke yi don mugunta. Matarsa ce, wadda ta haifa masa huɗu ta kuma san kowace irin ƙaryarsa tun daga tari, ta tasa shi gaba har asibiti.

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu, abin da ya fara ɓata masa rai ke nan. Ta duba takardar gwaji ta ce ciwon sukari ne, irin wanda ke kama manya, kuma ya daɗe a jikinsa. Ta rubuta ƙwayoyi, sannan ta jawo wata takarda ta raba ta gida biyu. Gefe ɗaya shinkafa, burodi, taliya, dankali, lemon kwalba da sukarin shayi. Ɗaya gefen ƙwai, kifi, nama, kabeji, alayyafo, gyaɗa.

"Baba, na wannan gefen duk sukari suke komawa a jini, a rage su sosai. Na wancan gefen a ci a ƙoshi."

"'Yata, kin kwashe abinci kin bar mini mahaɗi."

"Sana'ar me kake yi, Baba?"

"Tela ne ni."

"To idonka nake ji. Ciwon nan ido yake ci, kuma abin da ya cinye ba kullum yake dawowa da shi ba."

Nan ya karɓi takardar ba musu, domin ta taɓa inda yake ciwo. Sai dai tsoron bai wuce bakin ƙofar asibiti ba.

Sun sayi na'urar auna sukari, irin wadda ake ɗan huda yatsa a ɗiga jini. Kwana biyu ya yarda aka huda shi, a na uku ya ɓoye hannu a aljihu, ya ce yatsun tela su ne jarinsa, ba za a mayar masa da su rariya ba. Mutumin da allura ta soke shi sau dubu ba adadi! Wanzami dai ba ya son jarfa. Matar ta ce to tunda likita ta ce in ana bin ƙa'ida tumbi zai sauka, ya kawo tef ta riƙa auna shi duk Asabar.

"Tef na shago ne," in ji shi. "Kuma mutum yana iya shanye ciki a gaban tef. Wando shi ne mai gaskiya, wuni yake tare da kai. Ki riƙa sa yatsa a ƙugun wandona, in ya saki kin ga aiki."

Ta yarda, domin maganar ta yi kama da ta masani.

A gida kam Malam Inci ya zama abin misali. Da safe ƙwai biyu da shayi ba sukari, ya sha yana yamutsa fuska kamar an ba shi maɗaci. Da rana ta zuba masa kifi da kabeji a kula ya tafi da su shago. Maƙwabta har turo mazajensu suke su zo su ga yadda namiji ke haƙuri.

A shago kuwa wata duniyar ce. Mai shayi ya san hannunsa tun shekara ashirin, sukari cokali uku da rabin burodi, kuma ba wanda ya gaya masa an canza doka. Sannan ga Yaya, babbar yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, har yau kuma Auta take ce masa duk da furfurar da ta cika masa gemu. Ranar da ta buɗe kular nan ta ga kabeji, sai ta dafe ƙirji.

"Auta, zomo aka mayar da kai? Ina raye?"

"Yaya, likita ce ta ce."

"Likita ta san wahalar da na sha kafin ka yi wannan jikin? Ci abinci, ƙwayar da suka ba ka aikin me take yi?"

Daga ranar kullum sai ta iso da azahar da kular shinkafa a ƙarƙashin mayafi. Shi kuma ba ya son ɓata wa babba rai. Sai ya cinye kifin matarsa don kada a ga saura, ya bi da shinkafar Yaya don zumunci. Bai taɓa cin abinci da yawa a rayuwarsa kamar lokacin da aka sa masa dokar abinci ba.

Asabar ta farko ta matso, wando kuwa sai ƙara kama shi yake. Ranar Alhamis ya saka wandunan a jaka ya ce zai gyara musu maɓalli. Ya tura ƙofar shago, ya farke ɗinkin baya, ya saki rabin inci daga rarar nan tasa, ya mayar da baƙin zare a kan baƙin yadi, ya bi da dutsen guga. Da safiyar Asabar matar ta zura yatsa ɗaya a ƙugunsa, ya shige ba gardama.

"Alhamdulillahi! Malam, ka ga amfanin haƙuri?"

"Ai ni in na sa kaina abu, sai na ga bayansa," in ji shi.

Bayan mako uku yatsa biyu suka shiga, bayan wata biyu uku. Matar ta yi ta murna, har ta kira 'ya'yanta a waya ɗaya bayan ɗaya tana ba su labari. Murnar nan ita ce abin da ya fi damunsa, don matar kirki ce, kuma yana sonta, sai dai bai kai ga ajiye burodi ba. Abu na biyu da ke damunsa bai gaya wa kowa ba. Zaren da yake zurawa a gwaji na uku yanzu sai ya kai goma, ya tashi ya je bakin ƙofa, ya lashi bakin zaren, ya yi ta laluben kafa. Ya daina karɓar baƙin yadi daga hannun mutane, ya ce baƙi ya fita yayi. Rarar wandunansa kuma ta kusa ƙarewa, saura abin da bai kai faɗin farce ba.

Ranar wata Talata matar ta juya wandunan ciki waje za ta wanke. Ta ga layukan hudar allura jere, alamar tsofaffin ɗinkin da aka farke, ta gane komai nan take. Ranta ya ɓaci, har ta fara shirya maganganun da za ta gaya masa. Sai idonta ya sauka a kan sabon ɗinkin, na ƙarshe. Layin ya taso daidai, ya karkace, ya hau kan ninki, ya tsallake wuri, ya dawo, kamar tafiyar tururuwa. Ta zauna a kan bokitin da ta kife. Fushin ya tafi, tsoro ya maye wurinsa, don ta san hannun mijinta fiye da yadda ta san nata.

Ta bar wankin, ta ninke wando ɗaya yadda ɗinkin kaɗai ke waje, ta sa a jaka ta nufi shago. Ta tarar da Yaya a kan benci, kula a buɗe, cokali a hannun Malam Inci. Ya yi wuf ya tura kular bayan keke, kamar shinkafa ba ta da ƙamshi. Matar ta gaida Yaya har ƙasa, ba ta ko dubi inda kular take ba.

"Malam, wani ɗinki aka kawo mini in nuna maka. Ana so a ji ko telan ya iya aiki."

Nan fa aka zo fagensa. Ya goge hannu, ya karɓa, ya kai kusa da fuska, ya nisantar, sannan ya bi layin da babban yatsa. Ya yi tsaki.

"Wannan tela ne ko mai yankan ciyawa? Ji nan, ji nan kuma! Wanda ya yi wannan ko dai makaho ne ko ba ya tsoron Allah. A gaya masa ya sayar da keken ya nemi wata sana'a tun bai ɓata wa mutane yadi ba."

Ta karɓa, ta warware ninkin, ta shimfiɗa wandon a kan teburin yanka. Maɓallinsa ne, aljihunsa ne, har da ɗan tabon man keke a gwiwa.

Malam Inci ya ɗauki wandon ya fita bakin ƙofa inda rana take, ya daɗe a tsaye yana dubawa. Da ya dawo bai iya kallon kowa ba. Yaya ta miƙa hannu ta shafa ɗinkin ita ma.

"Auta, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Ba ka gani ne?"

"Baƙi a kan baƙi ba na gani. Ya kai wata guda."

Yaya ta jawo kular daga bayan keke, ta rufe ta, ta ɗaure a ɗankwali.

Likitan ido ya haska, ya ɗiga magani, ya sake haskawa. Ya ce na hagu ya taɓu, abin da ya tafi a cikinsa ya tafi, za a yi aiki a tsayar da shi inda yake. Na dama da sauransa, in an riƙe sukari. A wannan karon tsoron ya biyo Malam Inci har gida. Washegari da kansa ya miƙa yatsa aka huda, lambar da ta fito kuwa ba ta bar wurin musu ba.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Makonnin farko jiri ya riƙa ɗibarsa, har likitar ta rage masa ƙwaya ɗaya. Ya yi faɗa da kabeji, ya yi gaba da alayyafo, ya ce duk wanda ya ƙirƙiro shayi ba sukari ba zai gama da duniya lafiya ba. Mai shayi ya ɗauki abin a matsayin cin fuska, ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwarsa. Yaya ba ta daina zuwa da azahar ba, sai dai yanzu dafaffen ƙwai da gyaɗa take kawowa, ta zauna tana kallonsa tana cewa, "Dubi wuyan Auta, kamar mariƙin lema." In ya kai hannu wajen burodin wani, ita ke fara buge hannun.

Bayan wata biyar wando ya fara zamewa da gaske, har sai ya riƙe shi da hannu in zai tsallaka titi. Tabarau ya hau hanci, zare yana shiga a gwaji na biyu ko na uku, da ido ɗaya a kanne. Wata Alhamis ya kwashi wandunan zuwa shago, ya bar ƙofa a buɗe. Ya farke, ya mayar da inci biyun da ya sata, ya ƙara rage ɗaya na halak.

Da yamma ya dawo ya miƙa wa matar wando ɗaya a juye. Ta duba, ta ɗago kai.

"Malam, farin zare a baƙin wando? Kai da ka ce wannan aikin 'yan koyo ne?"

"Daga ciki ne, ba mai gani sai ni da ke. Je ki taga ki duba mini."

Ta je taga, ta bi farin layin da ido daga ƙugu har ƙasa, a hankali, yadda shi yake yi wa aikin wasu. Yana tsaye a bayanta riƙe da hularsa a hannu, mutumin da shekara talatin da ɗaya bai taɓa tambayar kowa ra'ayi a kan ɗinkinsa ba.

"Ya miƙe?" ya ce.

"Ya miƙe."

"Kada ki rufa mini asiri. Sake dubawa."

Ta sake dubawa.